Ranar da Rumbun Baba Saje Ya Kama

Duk wanda ya san kakana Baba Saje a Yako ya san ba ya taɓa wuta. Ko garwashi ne ya faɗo kan tabarmarsa, sai ya ɗage ƙafa ya ce, "Ba hurumina ba ne."

Dalilin kuwa mun ji shi har mun gaji. Zamanin Turawa yana ɗan doka a birni, kama ɓarawo da kashe gobara duk a hannunsa suke. Sai wani Bature ya raba aikin biyu, doka ta Saje, gobara ta Kofur Ɗanlami, ɗan garinmu, wanda Baba ne ma ya kai shi aikin. Tun ranar bai ƙara yi wa Kofur magana ba, har suka dawo gida suna sallah a masallaci ɗaya.

Na taɓa ce masa, "Angona, tura min itacen nan cikin murhu."

Ya ce, "Amarya, ni Bature ya sauke min. Nemi Kofur."

Wata shekara bayan kaka, da rana tsaka, rumbunsa ya kama da wuta, abincinmu na shekara yana ciki. Maƙwabta suka taho da bokitai, tsohon nan ya ɗauko usur ya tare ƙofar zaure.

Na ce, "Baba, dawarka ce fa take ƙonewa."

"Na sani. Babu mai shiga sai mai hurumi ya zo. A kira Kofur."

Sai ta katanga mutane suka haura. Kafin Kofur ya iso da sandarsa yana jan ƙafa, rumbu ya zama toka. Ya zaga ya duba, ya ce, "Saje, gobara ta mutu."

Baba ya ƙame ya sara masa. "Kofur, ka makara."

Kofur ya ce, "Kai ka makara. Shekara nawa ina jira ka kira ni?"

Ni dai zama na yi a ƙasa, ko kuka na kasa. Washegari sai ga amalanke cike da dawa daga gidan Kofur. Ita muka ci har damina, Baba yana ci yana mitar ta cika tsakuwa, Kofur yana gefensa a kwano ɗaya.

Sun wahalar da mu, wallahi, amma ina kewarsu. Allah ya jiƙansu, ya sa su yi maƙwabtaka a Aljanna.