Yayata da Alkama

Yayata ce ta goye ni a gidan hayar da muka tashi a unguwar Biafra da ke Treichville, can ƙasar masu Faransanci, kuma tun da na yi wayo ban san ta da lafiya ba. Tana ci, amma abinci ba ya zama a jikinta. Kullum ciki a kumbure, ga gudawa, ido fari fat, gashi yana bin mataji.

Baba yana da teburin shayi a tashar Adjamé, yakan dawo mana da burodi, kuma mara lafiya ake fara ba wa. Inna takan jiƙa mata shi a shayi mai madara ta ce, "Daure ki ci, 'yar nan, ko kya yi ƙwari."

An sha kai ta asibiti, a ce jininta ya yi ƙasa, a rubuta ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin. Ta shanye, a sake aunawa, babu canji. Maƙwabta suka ce sammu ne. Ta sha rubutu, ta sha jiƙo.

Sai da ta haura talatin wani likita a Treichville ya sa aka duba hanjinta. Ni na raka ta, ita da Inna, ranar da ya yi bayani. Ya ce jikinta ba ya shiri da alkama, duk ranar da ta ci sai hanjin ya ƙara lalacewa, shi ya sa abinci da magani suke wucewa ba su amfane ta ba.

Inna ta ce, "Likita, har burodi?"

Ya ce, "Shi ne kan gaba, Mama."



Mun ɗauka barin burodi da taliya ya isa. Ashe alkama ɓuya take yi. Yaya ta sayi abincin da ake kira garba, wato dambun rogo zalla da soyayyen kifi, ta kwanta ciwo, don sai an barbaɗa wa kifin fulawa ake soya shi. Akwai ta a wani dunƙulen miya. Akwai ta a garin masarar da aka niƙo a injin da ya niƙa alkama. Da yake na fi ta Faransanci, ni nake tsayawa a farmasi, wato kantin magani, ina karanta bayan kwali, har na taras da sitacin alkama a wani bitamin da ta daɗe tana sha. Gidan biki kuwa takan zauna ta naɗe hannu, mata su ce girman kai ne.

Duk da haka ta ɗan murmure. Kumatunta suka ciko, har ta fara sayar da atamfa. Sai dai likitan ya ce ƙashinta ya riga ya yi rauni, ta kula.

Da rikici ya rufe kasuwanni, muka wayi gari babu komai a ɗaki sai taliya. Na ce, "Yaya, bari in zaga maƙwabta."

Ta ce, "Zauna, harbi ake yi. Zubo min."

Ta ci tana sane, ciwon ya dawo sabo. Tana cikin jirin ciwon santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugunta ya karye, ba ta sake miƙewa ba. Da damina ta rasu. Matan da suka yi mata wanka suka ce ba su taɓa ɗaga babbar mace mara nauyi irinta ba.