Tunkiyar Inna da Jakar Allura

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ƙi ta dawo wurina Kazaure. Ta ce ita da ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa sai dai a fitar da gawarta. Abin da ya rage mata a gidan nan tunkiya ce guda, uda, gabanta baƙi bayanta fari, wadda ta raina da hannunta tun uwarta ta mutu ta bar ta. Hira suke yi sosai. Sai ka ji Inna tana cewa, "Ke, ba ki ji an kira salla ba, kin cika min kunne?" Duk Juma'a in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in hau babur in je. Na taɓa tsokanarta, na ce ni da tunkiyar nan wa ta fi so. Ta ce, "Ita ai ba ta tafiya Kazaure."

Wata Juma'a na tarar tunkiyar tana tari, ta ƙi dusa, ga ciki ya tsufa. Inna ta riga ta aika an kira aminin Baba. Dillalin shanu ne da can, tare suka ci kasuwanni da mahaifina. Da ƙarfi ya ƙare sai ya sayi jaka da sirinji, shi ke nan kowa ya koma ce masa Likita. Magungunansa daga kasuwar Babura yake ɗebo su, wasu sun tsallako iyaka, rubutun jikinsu ma na Faransanci ne, rana ta dafa su a bayan babur har ya koɗe.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai taɓa cikin tunkiyar ba, bai tambayi watanninta ba. Ya zaro wata kwalba, ya goge allura da hannun rigarsa, ya zuƙo. Wallahi tambaya na nan cike da bakina: mene ne wannan, kuma ya dace da mai ciki? Amma a wurinmu wane ne kai da za ka tuhumi abokin ubanka? Ko ido ba ka haɗawa da shi. Na haɗiye maganata. Ni ne ma na riƙe masa kanta ya soka.

Ranar Litinin na kasa koyarwa. In rubuta abu a allo, in goge, in fita bakin aji in kira wayar maƙwabcinmu, in dawo. Ya ce lafiya lau, na sake kira. Talata da hantsi shi ya kira ni da kansa: ta yi ɓari, tagwaye, kuma mabiyiya ta ƙi fita.

Na bazama cikin Kazaure har na samo likitan dabbobi na gaske, wanda ya yi karatun abin. Da na kwatanta masa kwalbar sai ya girgiza kai, ya ce akwai maganin da ba a kusantar mai ciki da shi ko da wasa. Na goya shi a babur, ina gudu kamar zan tashi sama. Ya duba ta, ya miƙe, ya ce da ni a hankali, "Malam, nemo wuƙa kafin ta zama mushe."

Ni na yanka ta. Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Kai jama'a, abin nan yana cina har yau. Ɗan acaba ana tare shi a hanya a ce ina takarda. Mai kemis akwai masu zuwa su leƙa kantarsa. Amma duk wanda ya rataya jaka ya zama likitan dabba, don dabba ba ta da bakin kai ƙara. Me zai hana hukuma ta koya musu aikin, ta jarraba su, wanda ya ci a ba shi kati ya rataya a wuya, wanda bai ci ba a karɓe jakar? Da akwai wannan, ai da ba sai ɗa ya buɗe baki gaban abokin ubansa ba. Katin ne zai yi maganar, ko rashinsa.

Inna ta fito ta rarraba naman ga maƙwabta, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Sai ta ware cinya guda ta ce, "Kai wa abokin mahaifinka." Haka Baba yake yi masa duk abin da aka yanka a gidan. Na ce, "Haba Inna! Shi fa ya..." Ta dube ni, na ɗauki kwano.

A ƙofar gidansa na tarar da wata mata riƙe da igiyar akuya, cikin akuyar har yana rinjayarta. Shi kuwa yana zaune a tabarma yana zuƙo magani. Ban durƙusa ba. Ban ma san lokacin da murya ta fita ba.

"Baba, dakata. Ciki gare ta. Wannan ne ya kashe tunkiyar Inna."

Matar ta ja akuyarta ta yi gaba, ko sallama babu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yau ɗan abokina ke koya min aiki." Na ajiye kwanon a gefen tabarma, na juya. Tun daga ranar in na gaishe shi sai ya kau da kai, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana min ciwo, don shi ya shiga kabari ya karɓi Baba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ta yi min tatas, ta ce na zubar mata da mutunci, ba haka ta raine ni ba. Kwana biyu in na kira wayar maƙwabcinmu ba ta karɓa.

Bayan kamar wata guda ina ɗaure kaya a babur zan koma, ta biyo ni har zaure, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta dube ni ba.

"Akuyar matar nan," ta ce, "ka ji ko ta sauka lafiya?"