Fitila Biyar a Hanyar Tarka

Mun tashi da asuba daga Tanout, ni da ɗan baffana mai mota, da rago ɗaya ɗaure a baya. Ƙanwata ce ta haihu a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, gaba da Belbeji, washegari suna. Mijinta yana cin rani a arewa, shi ya sa na ɗauki alkawarin ragon suna a wuyana. Haihuwar fari ce, kuma tana zaune cikin dangin miji, ba na son a ce ba ta da kowa.

Motar tsohuwar bashe ce fara, irin mai buɗaɗɗen baya. Satin nan ɗan baffan nawa ya sayo fitilu huɗu manya ya jera a kan rufinta, ya ƙara wata mai ruwan lemo a tsakiya, mai walƙiya tana juyawa. Da hannunsa ya haɗa wayoyin, don a cewarsa masu gyaran wutar mota ba su fi shi kai ba. Duk wayoyin jajaye ne, ya naɗe mahaɗarsu da leda. Makunni kuwa bai sa ba. Da an tada mota fitilu sun kama, sai an kashe ta su mutu. Na ce, "Yaya, da rana fa?" Ya ce ai kwarjini ba shi da dare ba shi da rana.

Da muka bar kwalta muka shiga rairayi, sai na fara yarda da maganarsa. Masu amalanke suna hango mu suke sauka daga hanya. Wani mai babur ya juya ya koma inda ya fito. Gonakin gero an girbe, sai kara tsaye da shanu suna kiwo a ciki, makiyayan ma daga nesa suke ɗaga hannu. Mutumin nawa ya gyara zaman baƙin tabarau, ya ce in gani da idona.

Wajen azahar mota ta fara tari. Allurar mai tana nuna tanki cike, kamar yadda take tun Tanout. Ya sauka ya zura kara a tanki, karan ya fito da ɗan jiƙo a baki kawai. Nan ya tuna cewa da wayar haɗa fitilun ta gaza masa, ya yanko wata a bayan sitiyari wadda "ba ta aikin komai". Ta allurar ce.

Ban damu ba, don a hanyar nan kowane ƙauye akwai mai sayar da mai a kwalba. A na farko mun tarar da teburi, da mazurari, da warin mai, babu kwalba babu mai teburi. A na biyu haka. Wani dattijo ya rantse mana rabon garinsu da mai tun damina, alhali babura uku na jingine a bayansa. A na uku motar ta mutu a bakin kasuwa, kasuwar ma rabinta ta watse kafin mu buɗe ƙofa.

Wata tsohuwa mai sayar da cuku ce kaɗai ba ta motsa ba. Na sayi biyu, masu tsada amma masu daɗi, na sa aka dama mana fura da nono, na yi mata kukan halin da muke ciki. Ta dubi mota, ta dubi rago.

"To ku ba masu sintirin kama mai ba ne?"

"Inna, suna za mu!"

"Ɗana, tun kuna bayan tudu aka bugo waya ana cewa ga mota mai walƙiya nan tafe. Man garin nan duk yana cikin rumbu."

Ashe kwarjinin ke nan. Ta aika aka kira mai man, ya tsaya nesa ya ce shi bai yarda ba sai an sauke fitilun a gabansa. Ɗan baffana ya buɗe gaban mota yana neman wayar da zai cire, ga su duk kala ɗaya. Ya ja ta farko, oda ta ɗauki kuka, ragon ya taya ta. Ya ja ta biyu, hayaƙi ya taso. Daga ƙarshe ya hau rufi ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka gudu suna dawowa suna ba shi shawara. Har ga Allah ya ba ni tausayi, ko da yake na fi kowa dariya.

Sai dab da magariba muka sami mai. Ya tada mota ya kunna fitilun gaba, na asali, shiru. Sun tafi tare da wayar da ta yi hayaƙi. Dole muka kwana a garin, a tabarmar mai man, ni kuwa ban runtsa ba don tunanin ƙanwata.

Gari na fara wayewa muka kama hanya. Mun isa da hantsi, maza na zaune a ƙofar gida, goro ya zagaya, liman na duban hanya. Na shiga ciki na tarar da ƙanwata tsaye, ga jego, riƙe da igiyar akuyarta guda ɗaya, wadda take tatsa. Ita za ta miƙa a yanka. Da ta ji kukan rago a waje sai ta saki igiyar ta zauna a ƙasa.

"Yaya, na ce musu za ka zo," ta ce, sai hawaye. 

Mun dawo Tanout washegari da rana tsaka, fitilu biyar cikin buhu, masu mai suna yi mana tayi a kowane ƙauye. Kai tsaye garejin gyaran wuta muka wuce. Abin da na koya shi ne, kafin ka ƙawata mota ka tambayi kanka da motar wa za ta yi kama a idon mutanen hanya. Kuma in na sake ɗaukar alkawarin ƙanwata, da kaina zan zura kara a tanki.