Farin Tuwon Vandi Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bakin kasuwar Mubi a wancan zamani ya san Vandi mai inji, kuma da wuya su rabu ba su yi cacar baki ba. Gajere ne kakkaura, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, gari kuma ya mai da girarsa fara tun bai tsufa ba. Ki kawo masara ki ce a surfe miki ita tas, sai ya dube ki kamar kin zagi ubansa. Zai surfa, amma sai ya ɗebi dusa ya cusa miki a gefen kwano, ya ce ki mayar a tukunya. Mata sun sa masa suna mai neman rigima. Ni katanga ɗaya ta raba mu, na san abin da ke cinsa, shi ya sa duk da bakina ban taɓa biye masa ba.

A kan dutse aka haife shi, can wajen Michika. Ubansa ya rasu yana goye, uwarsa Adi ta raine shi da jar dawar da take niƙawa a dutse, da wake, da miyar ganye mai ruwan toka. Shekarar da aka jefa ƙuri'ar zaɓen ko mu bi Najeriya ko Kamaru ya sauko Mubi yana dako. 'Yan gari suka sa shi gaba da dariya, wai bakinsa ja ne kamar tuwonsu, wai warin toka yake yi. Yana tayawa a yi dariyar da shi, ashe ta zauna masa a ciki. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja, da aka gama ya dawo ya sayi inji, ya auri Roda, ya hau dutse ya sauko da tsohuwa.

Ina tsakar gidansu ranar da ya ajiye mata kayanta. Ya ce, "Mama, kin gama cin wahala. Daga yau abin da matar Di'o na gwamnati take ci shi za ki ci." Ya ɗauki 'yar tukunyarta mai huji a gindi, wadda take tace toka da ita, ya jefa bayan katanga.

Ya kuwa cika alkawari, har ya wuce gona da iri. Masarar tsohuwa sau biyu ake surfa ta, tuwon ya fito fari fat. Jar dawa ba ta shiga gidan. Wake ya ishe shi a bariki, ya hana. Ganye ya ce na awaki ne. Nama yana saye, amma Adi ba ta da haƙora, sai ta tsotsa ta miƙa wa jika. Roda dai takan zagayo wurina mu ci ɗanwake mu share baki, shi ma yana cin tsire da gyaɗa a kasuwa. Tsohuwa ce kaɗai ta riƙe dokar da gaske, don alfahari take yi da ita. Ko na miƙa mata rama sai ta kau da kai ta ce, "Yaro na ya hana." Dusar kuwa ragunansa ake zuba wa, suka yi ƙiba suna sheƙi, har mutane na tsayawa kallo.

A shekara ta biyu sai bayan hannuwan tsohuwa ya yi baƙi ya fara tsagewa, kamar ta ƙone da wuta. Wuyanta ma haka, daidai inda rana ke duka. Bakinta ya yi miki, zawo ya ƙi tsayawa. Unguwa ta fara raɗa, masu cewa kuturta, masu cewa jifa aka yi mata daga dutse. Vandi ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ƙara abin da ya sani. Ya sa aka ƙara tankaɗe garin, aka koma dama mata farin kunu zalla da sukari, safe da yamma, shi da kansa yake ba ta a baki. Na ce masa a kai ta asibiti, ya ce kunya yake ji a ce tsohon soja ya kasa kula da uwarsa. Na zage shi, ban ɓoye ba, amma ni ma ban san kunun ne ke kashe ta ba.

Sai da ta fara magana ita kaɗai, tana kiran Roda da sunan ƙanwarta da ta daɗe da mutuwa, sannan ya ɗauke ta a keke ya kai ta wani ɗakin magani na mishan. Ni na riƙe ta a baya. Malamin asibitin ya juya hannuwanta, ya dubi harshenta, ya tambayi me take ci. Vandi ya gyara tsayuwa ya lissafa masa, da ɗan alfaharinsa.

Malamin ya ce da karyayyar Hausarsa, "Mama naka ba kuturu ba ne, ba a jefe shi ba. Yunwa ne."

Vandi ya ce, "Yunwa a gidana?"

"Ciki yana cika, jiki bai samu ba. Akwai abu kaɗan-kaɗan da jiki yake so, bitamin, ido ba ya ganinsa. Yana cikin gyaɗa, da wake, da nama, da bayan hatsi da kake surfewa. Na masara a ɗaure yake, ruwan toka ne yake kwance shi. Ina kake kai dusa?"

 Muna dawowa Vandi ya tsaya bakin turken ragunan nan ya daɗe yana kallonsu, kashegari ya kai su kasuwa. Na tausaya masa, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Ƙwayoyin da aka ba ta sun yi aiki. Zawo ya tsaya, fatar ta saɓule sabuwa ta fito. Hankalin ne ya ƙi dawowa daidai, malamin ya ce an makara. Adi ta koma shekarun yaƙi ta zauna a can. A wurinta Vandi yana bakin daga bai dawo ba, wannan mai farar gira da ke shigowa kullum wani bawan Allah ne mai inji. Abu ɗaya kawai ta riƙe daga zaman Mubi, wato dokar ɗanta.

Wata rana da rana tsaka Vandi ya rufe inji ya zo da tuwon jar dawa da miyar gyaɗa da ganye, Roda ta tace toka ta zuba. Ina zaune ina tsince wake. Ya durƙusa ya ajiye mata, ta leƙa kwanon ta ture.

Ta ce, "Yaro na ya hana ni wannan."

Ya ce, "Mama, ɗan naki bai san kome ba. Wawa ne, shi ya sa ki a wannan hali."

Tsohuwar da ko tashi ba ta iya yi sai ga ta ta miƙe zaune. Ta ce, "Kar ka ƙara zagin yaro na. Kai ka taɓa yi wa uwarka abin da ya yi mini? Fita."

Ya fita. Na same shi a zaure ya haɗa kai da bango. So yake ya faɗi laifinsa ta ji ta yafe masa, ita kuwa ba ta yarda an yi laifin ba. Can ya share fuska da hularsa, ya koma, ya sake durƙusawa ya ɗauki kwanon.

Ya ce, "Mama, yi haƙuri. Yanzu saƙo ya zo daga Vandi. Ya ce a gaya miki ya janye, ki ci."

Ta dube shi da kyau ta ce, "Shi ya faɗa?"

"Shi ya faɗa."

Ta sa hannu ta gutsura. Haka ya yi ta kawo mata saƙon Vandi kowace rana har ta rasu, kuma kullum idan ta cinye sai ta ce in ya rubuta amsa ya gaya wa yaron ya dawo gida haka nan, ta gaji da jira.