Mangwaro Goma Zuwa Fatakwal

"Delu! Ina ƙaron da na jiƙa jiya?"

"Wane ƙaro, Malam?"

"Ƙaro nawa ne a gidan nan? Hulunan mutane na jirana, ke kin kwashe kin yi wa mangwaro kwalliya!"

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da tsakar gidansu a Kusfa, don haka ba sai na kasa kunne ba. Malam Jumare wankin hula yake yi, da ƙaro yake sandarar da su. Matarsa Inna Delu kuwa ta shekara talatin tana sayar da mangwaron bishiyar tsakar gidan, kuma ban taɓa jin ta taɓa kayan aikinsa ba sai ranar.

Da hantsi na shiga gaida ta. Na tarar ta tace ruwan ƙaron da farin ƙyalle, tana tsoma mangwaron da bai gama nuna ba ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a faifai cikin inuwa. Bilkisu, ɗiyar ƙanwarta mai karatun noma a Samaru, ita ta gaya mata: ƙaron in ya bushe yakan zama wata siririyar riga, ya rage wa mangwaron numfashi, sai ya jinkirta nuna. Ko an ci ba komai, ai tun muna yara muke tsotsar ƙaro.

Autarta Huseina take yi wa. Tana aure a Fatakwal, shekara uku rabonta da gida. Bara an aika mata kwando guda a motar albasa, ya isa ya zama kunu.

Na ce, "Inna, ba a sayar da mangwaro a Fatakwal ne?"

"Ana sayarwa mana. Amma ba na bishiyar da aka binne cibiyarta a gindi ba."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin: ta shafe mangwaro faifai uku da ƙaro, amma goma kacal ta sa a kwali. Inna ba marowaciya ba ce. Na tambaya, ta ce in miƙo mata igiya.

Kwana shida bayan nan Huseina ta kira. Duk goman sun isa, ko tabo babu, har mijinta da ya sha ɗaya ta hana shi ƙari. Malam Jumare ya wuni a zaure yana gaya wa masu karɓar hula cewa ƙaronsa ne ya je Fatakwal.

Da na shiga taya ta murna, Inna ta rako ni bakin ƙofa tana ta murmushi. Na ce, "To yanzu sai a aika sauran."

Ta gyara mayafi.

"Wane sauran? Goma ai ɗanɗano ne. Mai son na goma sha ɗaya ta san hanyar Kusfa, kuma ƙaron Malam zai riƙe mata su har ta iso."