Gejin Motar Baba

Gadon da Baba ya bar mini shi ne tsohuwar a-kori-kura, wadda muke kai rake kasuwa da ita daga Gazara. Tun ina yaro allurar gejin zafinta a tsakiya take, ba ta gaba ba ta baya. Na taso ina bugun ƙirji cewa motarmu ba ta san zafi ba.

Bayan rasuwarsa na kai ta Makarfi wurin wani tsohon bakanike, abokinsa, gyaran fitila kawai. Ina dawowa na tarar ya cire gejinmu ya ɗaura wani.

Na ce, "Kawu, wa ya sa ka?"

Ya ce, "Naku ya daɗe da mutuwa, ɗana. Wannan za ka riƙa dubawa."

Na karɓi makulli, amma raina bai kwanta ba. Ni dama alherin da ban roƙa ba tsoronsa nake ji. Kafin in kai Kudan allura ta haura tana neman ja. Na ce yauwa, biri ya yi kama da mutum. Wato tarko tsohon nan ya ɗana mini, in tsorata in koma, yau ya ce lagireto, gobe ya ce famfon ruwa. Gejinmu na asali kuma wa zai sayar wa?

Washegari na koma, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce a mayar mini da kayana. Ya ɗauko shi daga kwali ya ɗaura, sannan ya ce, "Ka san abin da yake tsayar da mahaifinka a Dandamisa?"

"Gaisawa da mutane."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

Har addu'ar ma sai da na zarge ta.

Ran kasuwa na yi lodin rake, na wuce Dandamisa ko birki ban taka ba. Gaba kaɗan sai ƙauri, sai tururi ya rufe gilashi, injin ya yi wata ƙara ya mutu. Ina tsaye a bakin titi na tuna: duk doguwar gaisuwar nan ta Baba, tafinsa yana kan bonet, jarkar ruwa tana gefen ƙafarsa.

Injin ya buga, motar ba ta ƙara tashi ba. Wallahi kunyar tsohon nan ta fi asarar yi mini ciwo. Na leƙa ciki in zare makulli, allura tana nan a tsakiya.