Romon Bawa da Ƙafar Mu'azu Tela

Ranar an wayi gari da yayyafi, kogi ya yi ja kamar an dama masa jar ƙasa, saura kwana tara sallar layya. Mu'azu tela ya farka a ɗakinsa na unguwar Gaweye, ya ji kamar an ɗora masa garwashi a babban yatsan ƙafar dama. Yatsan ya kumbura har yana sheƙi. Ko gefen zane ya taɓa shi sai ya yi salati.

Da ƙafar nan yake cin abinci. Shekara ashirin da shida yana taka keken ɗinki a shagon Alhaji Nassirou, tun zuwansa Yamai daga Madawa. Wanda ya sauke shi a lokacin, ya ba shi tabarma, har ya nemo masa auren Raliya, shi ne Bawa mahauci, ɗan garinsu. Bawa bai iya magana mai daɗi ba, ƙaunarsa a kwano take zuwa. Kullum da hantsi sai romon kayan ciki ya iso shago, hanta da ƙoda da tumbi. In ya ji Mu'azu ba lafiya, kwano sai ya zama biyu.

Wannan shi ne tashin ciwon na huɗu. A na farko wanzami ya yi masa ƙaho. A na biyu ya sha ƙwayoyin masu talla a tire. A na uku Alhaji ya ce, "Mu'azu, ba kora ba ce, amma keke ba ya zaman banza. In ƙafar nan ta sake kwantar da kai lokacin salla, wani zan ba." Shi ne Raliya ta sa shi a taksi, suka haye gada zuwa wani asibiti a Lamorde.

Lokotoron wata yarinya ce mai haƙuri. Ta duba jininsa, ta ce, "Baba, akwai wani gishiri da ke taruwa a jini, kayan ciki kuma suna ƙara shi. In ya yi yawa sai ya daskare a gaɓa, ya zama tsinke-tsinke, ido ba ya gani. To jiki yana da masu gadi, da su aka haife ka. Ba sa tambaya. Da sun haɗiye tsinken nan sai wani abu ya haɗu a cikinsu ya yi kururuwa, ƴan'uwansu su taho, a kunna wuta. Da ƙwayar cuta ce, sai wuta ta kashe ta, a huta. Wannan kuwa ba rai gare shi ba. Sai wutar ta koma cin naman jikinka."

"Wato masu gadina ne ke ƙona mini gida?"

"Aikinsu suke yi, Baba. Kai dai ka daina tara musu tsinke."

Ta rubuta masa magani na kullum, ta hana shi kayan ciki. Maganin ya sha har ciwo ya lafa, sai ya ajiye, don bai taɓa ganin mai lafiya yana shan magani ba. Kwanon Bawa kuwa, da wane baki zai ce a daina kawowa? Sai ya riƙa karɓa da godiya, yana tura wa sauran teloli a ɓoye.

Maganar ta je kunnen Bawa. Sallar nan na matsowa ya ɗauko kwano da kansa, ya zauna bakin shago.

"Na ji abincina ya zama sadaka."

"Yaya, lokotoro ce ta hana."

"Lokotoro! Yarinyar da aka haifa jiya? Shekara hamsin ina cin hanta, ka taɓa ganin na yi ɗingishi? Dube ka, kamar zaren da kake ɗinki da shi. Jini ne babu a jikinka. Ci ina gani."

Hamisu, telan da ke jiran a ba shi keke, ya ce, "Ciwon alhazai a ƙafar tela, ai abin ya yi ɓatan kai!" Aka yi dariya. Mu'azu ya dubi kwano, ya dubi ƙafarsa, ya dubi hannun da ya taɓa shimfiɗa masa tabarma. Ya ce bismillah. Kwana uku a jere Bawa yana zuwa ya tsare shi har ya suɗe. A na huɗu aka wayi gari da yayyafin nan.

Da dafa kafaɗar Raliya ya isa shago, ƙafa ba takalmi, cikin taɓo. Shaddojin mutane tsibi guda suna jiransa. Ya ɗora ƙafar a kan keke, ya danna sau ɗaya, hawaye suka zubo masa ba shiri. Ya koma ta hagu. Ta hagu ba ta san aikin ba, ɗinki ya karkace a wuyan rigar wani. Ya farke, ya sake, ya ƙara karkacewa. Alhaji yana tsaye yana kallo.

"Alhaji, kwana uku kawai. Don Allah, don Annabi."

"Mu'azu, kwana ukun nan su ne sallar." Ya juya. "Hamisu, zauna."

Da la'asar Bawa ya iso gidan da kwano biyu, don ya ji labarin ciwon ya tashi. Raliya ta tare shi a bakin ƙofa, ta durƙusa.

"Yaya, ka yafe mini, ka koma da shi. Romon nan ya cinye mana keke."

Bawa ya dubi kwanonin, tururi na fita ta gefen murfi. Sannan ya juya.

Yanzu Mu'azu yana nan Gaweye, a ƙofar gidansa, yana ɗaura maɓalli da yin aikin kwaɗo na wuyan riga da hannu in an kawo. Yana shan maganinsa kullum, amma yatsan ya riga ya karkace, ba ya taka keke. Keken yana hannun Hamisu. Bawa yana zuwa gaishe shi kowace Juma'a, hannu biyu ba komai.